Talabijin da waya suna raba mutane da gaske? Amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk inda aka ɗauko zancen talabijin da wayar hannu, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa, daga iyaye, daga ma'aurata, daga matasan da suka fara jin wani abu ba daidai ba a rayuwarsu. Na tattara su a nan na amsa gwargwadon abin da na sani, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, kuma wasu amsoshin suna jingina da juna, don haka za ka ga ina tura ka gaba ko baya.

Wai da gaske ne waɗannan na'urori suna raba mutane, ko dai ƙorafin manya ne kawai?

Suna rabawa, amma ba ta hanyar da yawancin mu muke zato ba. Talabijin ba ta sa ka tsani maƙwabcinka, waya ma ba ta cire maka son 'yan'uwanka daga zuciya. Abin da suke yi shi ne su cinye lokacin da ba ka da abin yi, to kuma wannan lokacin shi ne asalin jarin zumunci. A da idan zama ya gunduri mutum dole ya tashi ya nemi wani, ya leƙa maƙwabta, ya tsaya a bakin hanya, ya je wajen abokinsa ko da babu wata magana mai muhimmanci da zai kai masa, kuma daga irin wannan zuwa na babu dalili ne shaƙuwa take ginuwa a hankali ba tare da kowa ya shirya ta ba. Yanzu da zarar gundura ta taso sai hannu ya kai ga rimot ko ga aljihu, cikin daƙiƙa biyu an kashe ta, an kuma kashe dalilin fita tare da ita.

Shi ya sa ni tambayar da nake ganin ta fi "awa nawa kake yi a gaban allo" amfani ita ce: wannan awar, da me ka saba cika ta kafin allon ya zo? In da zaman shiru kake cika ta, ba ka yi asarar kowa ba. In da mutane kake cika ta, to ga inda suka tafi. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke tsaye.

Mene ne bambancin zama kai kaɗai da kaɗaici? Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Zama kai kaɗai abu ne da ake iya ƙirgawa, mutum nawa ka gani yau, da mutum nawa ka yi magana a satin nan. Kaɗaici kuwa a zuciya yake, shi ne ka ji alaƙar da kake da ita ba ta kai wadda kake buƙata ba. John Cacioppo na Jami'ar Chicago, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan, ya kwatanta shi da yunwa ko ƙishirwa, wato ƙararrawa ce da jiki ke bugawa don ya ce maka ka koma cikin mutane. Mutum zai iya zama shi kaɗai a gida hankalinsa kwance, wani kuma yana tsakiyar iyalinsa kaɗaici na cinsa. Matsalar allo ita ce yana iya rage ƙarar ƙararrawar ba tare da ya biya buƙatar ba.

Akwai bincike da ya nuna talabijin na rage cuɗanya, ko hasashe ne?

Akwai, kuma wanda ya fi burge ni shi ne na wani ƙaramin gari a Kanada. Har zuwa 1973 garin ba ya kama talabijin saboda yadda yake a cikin kwari, ba wai don mutanensa sun ƙi ta ba. Wata mai bincike, Tannis MacBeth Williams, ta ji labarin za a kawo musu, sai ita da abokan aikinta suka yi maza suka je suka auna rayuwar garin kafin ta iso, suka sa masa sunan ɓoye Notel, sannan suka koma bayan shekara biyu. Suka tarar halartar wasanni da tarukan nishaɗi na gari ta ragu sosai, kuma abin da ya fi taɓa ni, raguwar ta fito fili a wajen masu manyan shekaru, waɗanda da suke zuwa wuraren da matasa suke, yanzu sun zauna a gida. Ka ga ba yawan fita kawai aka rasa ba, har da haɗuwar babba da yaro a wuri ɗaya.

Na biyu daga Indonesiya ne. Benjamin Olken ya duba ƙauyuka sama da 600 a tsibirin Java, inda duwatsu ke tare siginal, wani ƙauye ya kama tashoshi da yawa wani kuma kaɗan, ba don bambancin arziki ko hali ba sai don inda dutse ya tsaya. A sakamakon da ya wallafa a 2009, ƙauyukan da suka fi kama tashoshi sun fi ƙarancin shiga ƙungiyoyin gari, kuma mutanensu sun fi ƙarancin cewa sun yarda da juna. Shi ma Robert Putnam na Harvard, da ya yi nazarin yadda Amurkawa suka janye daga ƙungiyoyi da tarukan unguwa, a littafinsa na 2000 ya kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na janyewar talabijin ce sila. Kashi ɗaya cikin huɗu fa, ba duka ba, sauran ya ɗora su kan sauyin zamani tsakanin iyaye da 'ya'ya, matsin aiki, da nisan gida da wurin aiki. Wannan ya kamata a riƙe, don masu ɗora wa akwati laifin komai su ma suna wuce gona da iri.

To ai da can talabijin tara mutane take yi. Me ya canza?

Gaskiya ne, ta tara. Lokacin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 mutum sama da miliyan 20 ne suka kalla a Birtaniya, kuma da yawansu a gidajen maƙwabta suka kalla saboda akwatin bai yawaita ba. Saukar mutum a duniyar wata a 1969 an kiyasta kusan mutum miliyan 600 suka gani a lokaci guda. Haka abin yake a duk ƙasar da talabijin ta fara shiga, gida ɗaya ke da ita, kowa ya taru a can, tashoshi kaɗan ne, shiri yana da lokacinsa, washegari kowa abu ɗaya yake tattaunawa.

Abin da ya canza shi ne yawan allon da kuma girmansa. A Amurka gidajen da ke da talabijin kashi 9 cikin ɗari ne a 1950, zuwa 1960 sun kusa kashi 90, cikin shekara goma kacal babu sauran dalilin zuwa gidan maƙwabci kallo. Daga akwati ɗaya a unguwa aka koma ɗaya a kowane gida, daga nan ɗaya a kowane ɗaki. Walkman na Sony, 'yar na'urar jin kaset ta kunne, ya fito a 1979 ya mayar da sauraro abin kunnen mutum ɗaya, iPhone ta zo a 2007 ta mayar da kallo abin tafin hannun mutum ɗaya. Kowane mataki ya ƙara maka 'yancin zaɓar abin da ranka ke so, kuma kowane mataki ya rage mutanen da kake buƙatar shawara da su kafin ka zaɓa. Ko rigimar wa zai riƙe rimot, da muke gani kamar fitina, ai ita ma magana ce tsakanin mutane.

Muna kallo tare a falo kowane dare. Wannan ba zama tare ba ne?

Ya danganta da abin da ke faruwa a falon. In ana kallo ana tsoma baki, ana musu kan wa ke da gaskiya a shirin, ana dariya a kalli juna, yaro ya yi tambaya a ba shi amsa, to wannan zama tare ne kuma yana da daɗi, kar wani ya sa ku jin laifi a kansa. Masu kallon ƙwallo tare sun san wannan, rabin daɗin a ihun da musun yake.

In kuwa akwatin na ta yi ne shi kaɗai, kowa kansa a sunkuye kan tasa wayar, wanda ya yi magana a ce masa ya yi shiru, to jiki ne kawai ke wuri ɗaya. Gwaji mai sauƙi: bayan an kashe, akwai wanda ya san wani sabon abu game da wani a ɗakin? In an yi sati amsar a'a ce, a duba amsar ƙarshe.

Tsakanin waya da talabijin wacce ta fi raba mutane?

A ganina waya ce, saboda dalilai biyu. Na farko talabijin tana da wuri, in ka fita daga ɗakin ka rabu da ita, waya kuwa tana binka har wajen ziyara, har gadon barci, har gaban mara lafiyar da ka je dubawa. Na biyu, shirin talabijin na da yana ƙarewa, ƙarewar nan kuma ita ce ke ba ka damar miƙewa. Manhajojin yanzu da gangan aka cire musu ƙarshe. Salon nan da kake ta jan shafi ƙasa ba ya ƙarewa, Aza Raskin ne ake danganta ƙirƙirarsa da shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Bidiyo na ƙarewa wani ya kunna kansa. Reed Hastings, lokacin yana shugabantar Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, ya taɓa faɗa a 2017 cewa barci ne abokin gasarsu. Kamfanin da ke gasa da barcinka, kana ganin zai bar wa hirarka da ƙaninka wuri?

A Jami'ar British Columbia an yi wani gwaji da mutum sama da 300 da suka fita cin abinci da 'yan'uwa ko abokai, wasu aka sa su bar waya a kan tebur, wasu aka sa su ajiye ta gefe. Waɗanda wayar ke gabansu sun ce hankalinsu ya fi rabuwa kuma ba su ji daɗin zaman kamar sauran ba. Bambancin ba wani babba ba ne a zama ɗaya, amma ka ninka shi da duk zaman da za ka yi a shekara.

Amma ni waya ce ke haɗa ni da iyayena da ke nesa. Ya za a ce tana raba mu?

Ba ta raba ku ba, kuma duk wanda ya ce fasaha sharri ce zalla bai taɓa yin shekara bai ji muryar mahaifiyarsa ba. Wanda ke aiki a wata ƙasa, mara lafiyar da ba ya iya fita, kurma da rubutaccen saƙo ya buɗe masa duniya, duk waɗannan waya ta ƙara musu mutane ne. A 2020 da korona ta kulle duniya kiran bidiyo ne ya riƙe miliyoyin iyalai. Ko wayar tarho ta da, da ta fara yaɗuwa an yi ta fargabar za ta kashe ziyara, amma da Claude Fischer ya bi tarihinta a Amurka sai ya ga yawanci mutane sun yi amfani da ita ne wajen ƙarfafa alaƙar da dama suke da ita.

Abin lura shi ne waya tana kusanto da na nesa, amma lokacin da take amfani da shi daga hannun na kusa take ɗebowa. Sannan ba duk hanyoyin ne ƙarfinsu ɗaya ba. Amit Kumar da Nicholas Epley sun sa mutane su nemi tsohon abokin da suka daɗe ba su ji ba, wasu ta kira wasu ta rubutu. Yawanci sun zaci kira zai zo da jin nauyi, shi ya sa suka fi son rubutu, amma da aka yi sai masu kiran suka fi jin kusanci, kuma jin nauyin da suke tsoro bai fi na rubutun ba. Don haka in kana da zaɓi, ka kira.

Ina da abokai sama da dubu a Facebook, ina cikin guruf-guruf, amma kaɗaici nake ji. Me ke damuna?

Babu abin da ke damunka, lissafin ne bai zama yadda aka nuna maka ba. Robin Dunbar na Oxford ya shahara da kiyasin cewa mutum na iya riƙe alaƙa mai ma'ana da kimanin mutum 150 ne, kuma na ƙut da ƙut a cikinsu ba su wuce biyar ba. Masana na musu kan lambar, amma kowa ya san gaskiyar da ke ƙarƙashinta, wato shaƙuwa lokaci take ci, lokaci kuma ba ya ƙaruwa don jerin sunaye ya ƙaru. Ka tambayi kanka mutum nawa cikin dubun nan za ka iya kira ƙarfe biyun dare.

Sai kuma yadda kake amfani da shafin. Akwai bambanci tsakanin ka tura wa wani saƙo na musamman ku yi magana, da ka kwanta kana ta wuce hotunan mutane kana kallon nasarorinsu ba ka ce komai ba. Na biyun kallon talabijin ne da fuskokin da ka sani, kuma ya fi talabijin ciwo don yana sa ka auna rayuwarka da abin da wasu suka zaɓa suka nuna. Tun 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi bayanin irin shaƙuwar gefe ɗaya da mai kallo ke yi da mai gabatar da shiri, kana jin kamar ka san shi, shi kuwa bai san kana duniya ba. Yau wannan ta cika waya, kana bin rayuwar wani kullum, ka san 'ya'yansa da ɗakinsa, amma ranar da ka kwanta ciwo ba zai zo ba.

Allo ne ke jawo kaɗaici, ko kaɗaici ne ke kai mutum ga allo?

Duka biyun, kuma suna ciyar da juna. Wanda ba shi da abokin hira dole zai fi kallo, yawan kallon kuma ya ƙara nisanta shi da inda zai samu abokin hirar. Shi ya sa binciken da kawai ya ce "masu yawan amfani da waya sun fi kaɗaici" bai isa hujja ba. Gwajin da aka raba mutane kashi biyu ya fi ƙarfi. A Jami'ar Pennsylvania a 2018 an ɗauki ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana na sati uku, sai aka ga kaɗaici da damuwa sun ragu a wajensu. A wani gwajin kuma, Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da abokan aikinsu sun biya mutane su rufe Facebook na sati huɗu a 2018, masu rufewar suka samu rarar kusan awa ɗaya a rana, suka ƙara lokaci da iyali da abokai, suka ɗan ƙara jin daɗin rayuwa. Amma ka ji wani abu, wani ɓangare na rarar lokacin a kallon talabijin su kaɗai ya tafi. Cire abu ɗaya ba ya nufin mutane ne za su cike gurbin.

Adalci kuma shi ne a faɗi ɗaya gefen. A 1998 Robert Kraut da abokansa a Jami'ar Carnegie Mellon sun bi gidaje 73 da suka fara amfani da intanet, suka ga magana da iyali ta ɗan ragu kaɗaici ya ɗan ƙaru, amma da suka sake dubawa bayan wasu shekaru yawancin illar ta gushe, sai dai sun lura masu jama'a dama su suka fi cin riba. Amy Orben da Andrew Przybylski kuma a 2019 sun duba bayanan matasa sama da 350,000 suka ce alaƙar amfani da fasaha da walwalarsu ƙarama ce ƙwarai. Yadda na fahimci duk wannan shi ne, a kan jimillar mutane tasirin ba babba ba ne, amma a kan wanda dama yake bakin rami, ƙaramin turi ya isa.

Ban da kallo da latse-latse, akwai wata hanyar da fasaha ke rage cuɗanya?

Akwai, kuma ita ce ba a cika magana a kai ba. Duk abin da na'ura ta sauƙaƙa maka, akwai mutumin da ta cire daga hanyarka. Taswirar waya ta sa ba ka tambayar hanya, sayayya ta intanet ta sa ba ka tsayawa gaban mai kaya, manhajar banki ta sa ba ka gaisawa da kowa a layi, iyafis a kunne kuma alama ce ta kar a yi min magana. Babu wanda zai so a koma wahalar da, amma waɗannan 'yan gaishe-gaishen ba banza ba ne. Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa sanayya ta sama-sama, ba aminai ba, ita ce ta fi kawo wa mutum labarin aiki da sababbin dama, don aminanka abin da ka sani su ma shi suka sani. A Chicago kuma Epley da Juliana Schroeder sun sa fasinjojin jirgin ƙasa su yi hira da baƙon da ke kusa da su, yawanci sun zaci shiru zai fi daɗi, amma masu hirar su suka sauka da farin ciki.

Yarona bai kai shekara uku ba, ba ya ma kallon talabijin ɗin, kunne kawai take. Akwai matsala?

Akwai, amma ba daga idonsa take ba, daga bakinku take. Dimitri Christakis da abokan aikinsa sun sa wa ƙananan yara 'yar na'urar naɗar sauti a jiki, a sakamakon da suka fitar a 2009 duk awar da ake jin talabijin a ɗaki kalmomin da yaron ke ji daga manya suna raguwa da kusan 770. Yaro da amsa-amsa yake koyon magana da zama da mutane, ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kar a zaunar da jariri gaban allo sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kar su wuce awa ɗaya a rana. In babu mai kallo a kashe ta, kuma wayar da ke hannun uwa ko uba lokacin da yaron ke neman ido ita ma a lissafin take.

Ɗana matashi ne, kullum yana ɗaki da gem da waya, ya ce abokansa suna ciki. In ƙwace?

Kar ka fara da ƙwacewa, don mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, abokan nasa suna ciki, kuma in ka yanke wayar lokaci ɗaya ka yanke shi ne daga su ba tare da ka ba shi wasu ba. Fara da gano da wa yake yi. Yaron da ke gem da 'yan ajinsu suna magana suna dariya, gobe kuma su haɗu, daban yake da wanda ke kwana yana kallon gajerun bidiyo shi kaɗai. Alamomin da za su tayar maka da hankali su ne ya daina fita ko an gayyace shi, barcinsa ya juye, ya bar abubuwan da yake so da, ya riƙa gudun haɗa ido da mutanen gida.

Damuwarka dai tana da tushe. Rahoton 2023 na Vivek Murthy, babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, ya nuna lokacin da 'yan shekara 15 zuwa 24 ke yi da abokai ido da ido ya faɗi daga kusan minti 150 a rana a 2003 zuwa minti 40 a 2020, ko da yake shekarar ƙarshen korona ta taka rawa a ciki. Ostareliya ta kai ga yin doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. A Japan akwai waɗanda ake kira hikikomori, masu kulle kansu a gida wata shida ko fiye, gwamnatin ƙasar ta kiyasta sun kai kusan miliyan 1.46 a 2023, sai dai a can ma yawanci matsin makaranta, rasa aiki ko wani rauni na zuciya ne ke tura mutum ɗakin, allon kuma ya sa zaman ya yiwu na tsawon shekaru. Don haka ka tambayi abin da yaron ke gudu a waje, ba abin da yake kallo a ciki kawai ba.

Mahaifiyata ta tsufa, talabijin ce abokiyar hirarta. In rage mata?

A'a, don Allah kar ka rage mata. Ga dattijon da ƙafa ta yi nauyi kuma sa'o'insa suka ragu, muryar da ke fita daga akwatin tana rage shirun gida, tana kuma ba shi abin da zai yi magana a kai. Ba ita ta kore ku ba, gurbin da kuka bari ta samu. Haɗarin yana wajenku ne, ku ga tana da abin kallo ku ɗauka an gama da ita. Ka zauna ku kalli shirin da take so tare, ka bar ta ta ba ka labarin waɗanda ke ciki, kamar yadda aka faɗa a amsar kallo a falo.

Mijina yana dawowa sai waya har barci, in na yi magana ya ce ai yana gida. Ya zan yi?

'Yar'uwa, abin da kike ji gaskiya ne, kuma mata da maza duka suna kawo wannan kukan. Yana gida amma ba ya tare da ke, shi ne kaɗaicin cikin mutane da aka yi bayani a sama. Abin da na ga ya fi aiki shi ne kar a buɗe zancen lokacin da wayar ke hannunsa, don a lokacin duk abin da kika faɗa zai ji shi kamar hari. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, kuma maimakon "ka cika danna waya" ki faɗi abin da kike nema, misali rabin awa bayan ya huta wadda ku duka biyu za ku ajiye waya a wani ɗaki. Ƙaramin abu mai iyaka ya fi saurin karɓuwa a kan a ce mutum ya canza halinsa gaba ɗaya. In kuma an ajiye wayar sai shiru ya biyo baya mai nauyi, to akwai wata magana da aka daɗe ana kaucewa, ita ce ke buƙatar zama.

Manhajojin da ake hira da su kamar mutum fa, suna maganin kaɗaici?

Suna iya rage zafinsa na ɗan lokaci, musamman da dare in babu kowa, kuma ba zan raina wanda ya samu sauƙi a nan ba. Amma abokin da ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya buƙatar komai daga gare ka, ya rasa rabin abin da ke sa abota ta yi amfani, wato kai ma a buƙace ka. Tsorona shi ne mutum ya saba da hirar da babu saɓani a cikinta har mutane na gaske su fara yi masa nauyi.

Shin abin ya kai a damu haka? Kaɗaici ai ba ciwo ba ne.

Yana taɓa lafiya sosai. Rahoton Murthy da aka ambata ya kwatanta haɗarin rashin cuɗanya ga rayuwa da shan sigari har kara 15 a rana, an kuma danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon mantuwa. Birtaniya ta naɗa ministar kula da kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kansa a 2023.

To in daina kallo da waya gaba ɗaya ne?

Ba sai ka daina ba, kuma yawancin masu yanke wa kansu irin wannan hukuncin ba sa kai sati biyu. Tuna gwajin rufe Facebook da ke sama, rarar lokaci ba ta tafiya wajen mutane da kanta, sai an kai ta. Saboda haka ka fara ta wajen mutanen, ba ta wajen na'urar ba. Ka sa rana ɗaya tsayayya a sati da kake zuwa wajen wani ko ake zuwa wajenka, tsayayya don kar kullum sai an sake shiryawa a guruf har a fasa. Ka fitar da talabijin daga ɗakin kwana, cajar waya ma ta koma falo. Ka kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne ke nemanka ta cikinta ba, ka kashe abin da ke sa bidiyo kunna kansa. In za ka kalli wasa ko fim, ka nemi wanda za ku kalla tare.

Kwanakin farko za ka ji gundura, hannunka zai riƙa kai wa aljihu shi kaɗai, wasu har ƙunci suke ji. Wannan gundurar ita ce wadda aka yi maganarta a amsar farko, kar ka yi saurin kashe ta, ka ba ta minti goma ka ga sunan wa zai faɗo maka a rai, in ya faɗo ka kira shi, in yana kusa kuma ka taka ka je.